Tuwon Ƙasa Ma Karatu Ne



A shekarar 2011 gidan talabijin na NTA ya fara nuna wani shirin ƙananan yara mai suna Sesame Square, wanda ya samo asali daga Sesame Street na Amurka. Taurarinsa 'yan tsana ne masu magana: Kami, yarinya marainiya, da Zobi, direban tasi mai son doya. Cikin wasa suke koya wa yara ƙirga, haruffa da zaman tare.

To uwargida, ko babu talabijin, irin wannan makaranta tana tsakar gidanki. Idan 'yarki ta tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, ƙwaƙwalwarta ce ke aiki, tana ƙirƙiro abin da babu. Idan ta zo rabo kuwa, ƙirga take koya, da adalci.

Don Allah kada ki kore ta wai tana ɓata kaya. Miƙa hannu ki ce, "Ina nawa?" Sannan ki tambaye ta, "Na ɗan abokiyar zamana fa?" Yaran da suka saba raba tuwon wasa, da wuya rabon gado ya raba su.

Allah Ya raya mana zuri'a.