Ɓarnar da ke ci gaba bayan an sallami majiyyaci

Mutum ya faɗo daga babur, kansa ya bugi kwalta. An ɗinke masa goshi, an ɗauki hoton kai ba a ga jini ba, aka sallame shi. Bayan wata uku sai mutanen gida suka fara cewa ya canza: sai an maimaita magana kafin ya amsa, lissafin da yake yi da ka ya gagare shi, ga saurin fushi. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce iska. Sau da yawa kuwa wasu ƙwayoyin halitta ne a ƙwaƙwalwarsa suka ci gaba da mutuwa bayan ya bar asibiti.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa kamar wayar lantarki suke, sai da roba a jikinsu. Robarsu wani farin kitse ne mai suna mayelin, sunan da likitan Jamus Rudolf Virchow ya raɗa masa a 1854. Jijiyar da ke sanye da shi tana iya kai saƙo nisan mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya, wadda ba ta da shi kuwa da ƙyar take wuce mita biyu. Masaƙan wannan riga su ne ƙwayoyin oligodendurosait, waɗanda masanin Sifaniya Pío del Río Hortega ya bayyana a 1921. Ƙwaya guda takan miƙa hannaye ta naɗe jijiyoyi har kusan 50, ta kuma riƙa ciyar da su. Idan ta mutu, duk waɗannan ta bar su tsirara da yunwa.

Lokacin da kai ya bugu, ƙwaƙwalwa takan girgiza ta murɗe a cikin ƙoƙonta, dogayen jijiyoyi su miƙe fiye da ƙima. Tun 1956 likita Sabina Strich ta nuna wannan lalacewa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu bayan bugun kai. Gadar da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu, mai zare kusan miliyan 200, tana cikin wuraren da suka fi shan wuya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne abin da ke biyo baya. Jijiyoyin da suka ji rauni sukan zubar da sinadarin gulutamet da yawa, shi kuma ya buɗe ƙofofi kalsiyam ya kwarara cikin masaƙan har injinan ƙarfinsu su tsaya. Ga shi su ne suka fi kowace ƙwaya a ƙwaƙwalwa tara sinadarin ƙarfe, alhali garkuwarsu ba ta da kauri. Idan ƙarfen ya kuɓuce, sai ya ɓata kitsen bangonsu kamar yadda mai ke lalacewa in ya daɗe a buɗe. A 2012 masana a Jami'ar Columbia ta Amurka suka ba irin wannan mutuwa suna ferotosis. Wasu ƙwayoyin kuma da kansu suke kunna tsarin kashe kai, cikin kwanaki ko makonni. Kumburi ya zo ya ƙara, kuma an same shi a ƙwaƙwalwar wasu mutane shekaru bayan hatsari.

Akwai ƙananan ƙwayoyi na ajiya, kusan kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da ke rugawa wurin rauni don maye gurbi. Da yawansu ba sa kaiwa ga balaga, rigar da suke saƙawa kuma ta fi ta asali siranta. Har yau babu maganin da aka amince da shi don tsayar da wannan mutuwa.

Sai dai ƙarancin iska da faɗuwar bugun jini a sa'o'in farko suna ninka ɓarnar. Wanda aka kinkima daga bakin titi aka cusa a bayan keke, wuyansa a lanƙwashe, numfashinsa na sarƙewa, yana asarar waɗannan ƙwayoyi tun kafin ya isa ƙofar asibiti.