Inabi a Dakoro: A Fara Auna Ruwa Kafin a Sayo Dashe

Wanda ya ziyarci garakan Timiya a duwatsun Abzin, ya ga inabi da lemu da rumman a tsakiyar hamada, yakan dawo da tambaya: me zai hana a yi haka a Dakoro? Amsar tana ga tudu da ruwa. Duwatsun Abzin dogaye ne, ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, zafi kuwa yana raguwa da kusan digiri 6 a kowane hawan mita 1,000. Sanyin daren can shi ke sa inabi ya nuna a hankali, zaƙinsa ya daidaita da tsaminsa. A kwarin Mosel na Jamus sanyin ne ya yi yawa, shi ya sa manoma ke dasawa a gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi bugawa. A ko'ina manomi ne ya bi halin ƙasarsa.

Wani zai ce ai Kudan, kusa da Zariya, ba ƙasar duwatsu ba ce, amma ta yi suna da inabi. Gaskiya ne, sai dai ruwan saman da Zariya ke samu a shekara ya ninka na Dakoro fiye da sau biyu. Inabi yana son rumfa, da sassabe a kan kari, da ban-ruwa ko a tsananin bazara, kuma sai an yi haƙuri kafin ya mayar da kuɗin da aka zuba. A inda rijiya ke da zurfi, makiyaya kuma na jiran layi da garkensu, wannan ba ƙaramar caca ba ce. Masu ƙyamarsa saboda giya kuwa, su tuna ana cin sa ɗanye, ana shanya shi ya zama zabibi. Matsalar Dakoro ta ruwa ce.

Sanyin da Dakoro ke da shi na hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Shi aka dogara da shi lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani bayan farin 1984, kuma shi ya dace da albasa, da kabeji, da tumatir a kwarin Tarka, amfanin da ake kwashewa kafin zafi ya kama. In ana son inabi, sai cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna a Maradi ta fara gwada irin da ke jure zafi, ta auna ruwan da yake sha, sannan a kai wa manomi.