Iyakokin Hanyar Sadarwar Ƙwaƙwalwar Mota da Abin da Suke Jawo wa Masu Sufuri a Yola da Jimeta

YOLA — Tun daga lokacin da motocin Belgium suka maye gurbin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, kashin bayan harkar sufuri a Jihar Adamawa ya koma kan motoci masu aiki da ƙananan na'urorin kwamfuta. Wannan sauyi ya zo da wata sabuwar asara ga masu motocin haya na tashar Jambutu da dillalan motoci na Jimeta: sau da yawa akan yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar mota ta ƙone, a sayi wata da tsada, alhali kuwa matsalar tana kan hanyar da na'urorin suke magana da juna.

Ita dai wannan hanya sunanta CAN. Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ne ya gabatar da ita a 1986, kamfanin Intel ya fitar da ƙwayar lantarki ta farko mai aiki da ita a 1987, sannan Mercedes-Benz ya sa ta a motarsa ta S-Class a 1991. Amurka ta wajabta amfani da ita wajen binciken laifin mota daga ƙirar 2008, saboda haka galibin motocin da ake shigo da su daga can suna ɗauke da ita. Maimakon kowace na'ura ta ja nata wayoyin, sai aka haɗa ta inji da ta giya da ta birki da ta dashbod a kan wayoyi biyu tak da aka murɗe tare. A cikin kowace na'ura akwai ƙwaya mai sarrafa aiki, a cikin ƙwayar kuma akwai sashen da ke aikawa da karɓar saƙo. Wannan sashe yana da iyakoki waɗanda masu ƙera shi suka sani, suka kuma rubuta.

Iyaka ta farko ita ce ƙarancin fili. A tsarin asali saƙo ɗaya ba ya wuce bayit 8, gudunsa kuma ba ya wuce megabit ɗaya a daƙiƙa, shi ma in tsawon waya bai zarce kimanin mita 40 ba. Idan na'urori biyu suka so magana a lokaci guda, mai ƙaramar lamba ce take wucewa, ɗayar ta jira. An tsara hakan ne domin saƙon birki ya riga saƙon tagar ƙofa, amma idan cunkoso ya yi yawa, ƙananan saƙonni sukan makara, wasu ma su ɓace saboda ma'ajiyar karɓar saƙo ta cika. Injiniyoyi sukan magance wannan da tace saƙonni da kuma raba mota zuwa layuka da dama. A 2012 Bosch ya fito da CAN FD mai ɗaukar bayit 64, sai dai tsohuwar na'ura ba ta fahimtar sabon saƙon, tana ɗaukarsa kuskure ne.

Iyaka ta biyu ita ce ta fi shafar aljihun mai mota. Kowane sashen sadarwa yana ƙirga kurakuran da yake yi wajen aika saƙo, kuma da zarar lissafin ya haura 255 sai ya janye kansa daga layin don kada ya dagula wa sauran. A wannan hali na'urar binciken mota, wadda ake kira sikana, za ta nuna cewa ƙwaƙwalwar ba ta amsawa, ko da kuwa lafiyarta ƙalau. Abubuwan da kan jawo haka sun haɗa da raunin batir, sakin wayar da ke haɗe da jikin mota, tsatsa a soket, da gogewar waya. Yanayin Yola na taimaka wa waɗannan: zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, abin da ke busar da robar waya, yayin da ambaliyar Kogin Binuwai, irin ta 2012 da ta 2022, takan bar danshi a soket ɗin da ke ƙarƙashin kujeru, tsatsar kuma ba ta bayyana sai bayan watanni.

Iyaka ta uku ta ƙira ce. Kamfanonin da ke yin ƙwayoyin sukan wallafa takardar kurakuran da aka gano bayan kaya sun shiga kasuwa. Alal misali, a wasu ƙwayoyin Freescale, kamfanin da ya haɗe da NXP a 2015, an gano cewa sashen FlexCAN yakan ƙi aika saƙon da aka ɗora masa a wani taƙaitaccen lokaci, kuma maganin da kamfanin ya bayar shi ne a keɓe akwatin saƙo na farko a bar shi ba aiki. Irin wannan gyara a manhaja ake yin sa. Canza na'ura da wata irinta daga kasuwar kayan gyara ba zai kawar da shi ba, tun da ita ma da kuskuren aka ƙera ta.

Ta huɗu ita ce rashin tsaro. Tsarin ba ya tantance wanda ya aiko da saƙo. A 2015 masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun sarrafa motar Jeep Cherokee daga nesa, lamarin da ya sa Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Darasin da ke nan ga masu motocin haya shi ne duk wata na'urar bibiyar mota ko rediyo da aka ɗaura a kan waɗannan wayoyi biyu tana iya cusa saƙon da zai rikita inji ko giya.

Kafin a sayi sabuwar ƙwaƙwalwa, akwai gwaji mai sauƙi da duk mai gyaran wayar mota zai iya yi da mita. A kowane ƙarshen layin akwai abin tare wuta mai ƙarfin om 120. Idan aka cire kan batir aka auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin bincike da ke ƙarƙashin sitiyari, ya kamata a ga kimanin om 60. Ganin 120 na nuna waya ta tsinke ko ɗaya daga cikin biyun ya fita, ganin kusan sifili kuma na nuna wayoyin sun haɗu. A wasu sababbin motoci akwai na'urar da ke tsakanin soket ɗin da layin, don haka sai an duba zanen wayoyin motar. Bayan nan sai a auna batir, a kuma cire duk abin da aka ƙara wa motar, ɗaya bayan ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, lissafin a fili yake. Ƙwaƙwalwar mota daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma ya bi dala tun bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Bugu da ƙari, a motoci da yawa sai an daidaita ta da makulli kafin inji ya tashi, ga kuma kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo. Saboda haka ya dace dillalai da masu motocin haya su nemi a nuna musu sakamakon awon layin kafin su biya kuɗin sabuwar na'ura, sannan su duba ƙarƙashin kafet don alamar ruwa kafin su ƙulla cinikin kowace mota.