Kitsen jini da cushewar jijiyoyin zuciya

Zuciya ita ke tura jini ko'ina cikin jiki, amma ita ma tana da jijiyoyinta masu ciyar da ita. Manyansu 3 ne, faɗin kowace bai wuce milimita 3 ko 4 ba. Idan kitse ya taru cikin bangonsu sai hanyar jini ta ƙuntata, kamar yadda laka ke cike hanyar ruwa a garka.

Kitsen nan sunansa kolesterol. Hanta ke yin mafi yawansa, saura daga abinci yake zuwa. Ba ya narkewa cikin jini, sai da ƴan dako. Mai suna LDL shi ke kai shi ga sassan jiki. In ya yi yawa sai ya kutsa bangon jijiya ya zauna. Mai suna HDL kuwa kwaso shi yake yi ya maida ma hanta. Tun 1913 wani masanin Rasha, Anichkov, ya ciyar da zomaye da kolesterol, ya tarar da jijiyoyinsu sun yi kitse.

A wasu takardun awon jini da giram cikin lita ake rubutawa. Ana son kolesterol duka ya kasa 2, wani kitsen mai suna tirigiliserid ya kasa 1,5. HDL kada ya gaza 0,4 ga namiji, 0,5 ga mace. Iyakar LDL ta danganta ga mutum: wanda ya taɓa samun bugun zuciya ana son nasa ya sauka ƙasa ga 0,55.

Jama'a, a lura da kyau. Gaskiya ne waɗanda suka shekara da shekaru da LDL mai yawa sun fi samun cushewa mai tsanani, sau da dama a jijiya fiye da guda. Amma awon jini ba ya auna cushewar kanta, hatsari kawai yake nunawa. Ganin ta sai da hoton jijiyoyi wurin likitan zuciya. Galibi sai kashi 70 cikin 100 na hanyar ya toshe kafin mutum ya fara jin nauyi a ƙirji lokacin noma ko saurin tafiya. Kuma ƙaramin curin kitse da bai taɓa damun kowa ba yana iya fashewa, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe nan take. Siriri ma bai tsira ba, don akwai masu gado.

Taba, hawan jini da ciwon sukari suna hanzarta ɓarnar. A rage man shanu da kitsen rago, a riƙi wake, gero da man gyaɗa. Wanda aka rubuta ma maganin rage kolesterol kada ya daina don ya ji sauƙi. Ciwon ƙirji da ya kai minti 15 bai lafa ba, musamman da zufa ko yana sauka hannun hagu, a kai mutum asibiti ba tare da jiran safiya ba.