Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ma'aikatan Jafan Ke Motsa Jiki Kafin Su Kama Aiki?

TAMBAYA: Wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya rubuto yana cewa: "Na ji wai a ƙasar Jafan sai ma'aikata sun yi sahu sun motsa jiki kafin su kama aiki. Shin gaskiya ne? Kuma me mai kamfani zai ƙaru da shi, tunda lokacin aikinsa ake ci?"

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Gaskiya ne, ko da yake ba a kowace ma'aikata ake yi ba. An fi ganinsa a masana'antu da wuraren gine-gine. Kuma rediyo ne tushen abin, shi ya sa suke kiransa Rajio Taiso, wato motsa jiki na rediyo.

A shekarar 1928 aka fara shi. Hukumar inshorar rai ta gidan wayar Jafan ce ta kawo shi, bayan ta ga wani kamfanin inshora na Amurka, Metropolitan Life, ya fara irin shirin a 1925. Ka san aikin mai inshorar rai shi ne biyan iyali kuɗi idan mutum ya rasu, saboda haka lafiyar jama'a ribarsa ce. An dakatar da shirin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan aka dawo da shi da sabon tsari a 1951. Motsi 13 ne, na miƙa hannu da sunkuyo da juya ƙugu da ɗan tsalle, duka cikin minti uku da 'yan kai. Gidan rediyon NHK na sa shi da ƙarfe 6:30 na safe, kamfanoni kuma su sa nasu faifan a lokacin kama aiki.

Sai batun ribar mai kamfani. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya fitar da binciken da ya yi kan ma'aikatan motocin bas masu bene. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Ya duba ma'aikatan gidan waya ma, ya ga masu yawon raba wasiƙu sun fi masu zaman tebur tsira. Ma'aikacin da ya kwanta asibiti kuwa, aiki ne ya tsaya, ga kuɗin magani.

Amma fa sanin amfanin abu daban, sa mutane su yi shi daban. Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada wani shiri a kan ma'aikatanta kusan 5,000, har da ladan kuɗi ga wanda ya shiga. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa waɗanda suka fi shiga su ne masu kula da lafiyarsu tun asali, kuma shirin bai rage kuɗin magani ko fashin aiki yadda aka zata ba. A ganinmu nan ne dabarar Jafanawa ta fi. Ba a ce wa mutum ya je wani wuri bayan ya tashi aiki a gajiye. A filin aiki ake yi, ba a sayen kaya, kuma shugaba yana cikin sahu. Wa zai noƙe alhali maigida na sunkuyawa?

Kada dai a ɗauka minti uku sun wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsi irin tafiya da sauri, wato kamar rabin awa sau biyar.

Manomin da ke riƙe da fartanya da damina ya wuce wannan lissafi, sai dai ya kula da zaman rani. Wanda maganar ta fi shafa, Alhaji, ka yi haƙuri, kai ne. 'Yan dakonka su ne kwandastocin, kai da mai rubuta maka lissafi ku ne direbobin: daga benci sai babur, daga babur sai tabarma. Irin wannan zama na cikin abubuwan da ke buɗe wa hawan jini da ciwon suga ƙofa. Gwada ajiye babur nesa da rumfa, ka riƙa zagaya sito da ƙafarka maimakon aiken yaro, ka kuma ja abokan zamanka ku tafi masallacin da ya ɗan fi nisa. In kana jin ciwon ƙirji ko haki da ɗan motsi kaɗan, fara zuwa asibiti a auna ka tukuna.