Jijiyar Da Ke Riƙe Da Linzamin Gwiwa

A shekara ta 1875 aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Small Heath Alliance, wadda daga baya ta zama Birmingham City. Raunin da 'yan ƙwallo suka fi tsoro kuwa shi ne tsinkewar wata jijiya a tsakiyar gwiwa. A wannan unguwa ta Small Heath, inda Musulmi suke da yawa, dattijon da ke zuwa masallacin Green Lane shi ma yana da ruwa da tsaki a zancen jijiyar nan, don kuwa ita ce kan nuna irin aikin da za a yi masa idan gwiwa ta hana shi sujada.

A cikin kowace gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta gaba ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, tana kuma taimakon ƙashin cinya ya mirgina daidai sa'ad da mutum ya durƙusa. Idan guringuntsi ya cinye, likitoci sukan sauya gwiwar duka, ko kuwa su sauya gefe ɗaya kaɗai, galibi na ciki. A sauyin duka akan cire jijiyar gaba, ƙarfe da roba su ɗauki nauyin aikinta. A sauyin gefe ɗaya kuwa, ana barin jijiyoyin mutum su ja linzami, shi ya sa gwiwar takan fi lanƙwasuwa, majinyaci kuma ya fi saurin warkewa.

Wani likitan ƙashi, John Goodfellow, da wani injiniya, John O'Connor, su suka ƙirƙiro shahararriyar gwiwar nan ta Oxford, mai ɗan faifan roba da ke zamewa tsakanin ƙarafa biyu. An fara dasa ta a 1976, sa'an nan daga 1982 aka shiga sa ta a gefe ɗaya. A 1988 suka ba da rahoto cewa aikin ya fi lalacewa ga waɗanda jijiyarsu ta gaba ta tsinke. Dalili kuwa shi ne, in babu ita, ƙashin ƙwauri yakan gusa gaba, nauyi ya koma bayan gaɓar, ƙarfen da aka dasa ya yi ta jijjiga har ya kwance.

Tun daga nan aka ɗauki lafiyar jijiyar a matsayin sharaɗi. Amma binciken da aka yi daga baya, inda aka riƙa ɗaukar hoton ƙashi alhali majinyaci yana hawa mataki, ya sassauta hukuncin. Matashin da jijiyarsa ta tsinke tun da fari, ana iya ɗinka masa sabuwa tare da sauya gefen, motsin gwiwar kuma ya kusanci na lafiyayye. Tsoho kuwa, wanda ciwon gaɓa ne ya ci jijiyar a hankali, gwiwarsa ba ta kuma gocewa, wasu likitoci sukan yi masa sauyin gefe ɗaya, ko da yake motsin bai cika daidai ba.

Saboda haka, wanda aka tura asibitin ƙashi na Northfield a Birmingham, ko na Dala a Kano, ya kamata ya gaya wa likita ko gwiwarsa takan goce, ya kuma tambaya: jijiyar gaba tana nan?