Yadda Yanayi Ke Tsara Rayuwar Halittu a Ƙasar Tsiga

Duk matafiyin da ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Funtuwa ta hanyar Malumfashi, in ya lura da gefen hanya, zai ga ƙasa tana sauya kama sannu a hankali. Da farko rairayi ne da gonakin gero, da itatuwa masu ƙaya irin su aduwa da bagaruwa. Kafin ya kai Bakori rairayi ya ja baya, ƙasa ta yi nauyi, dawa da masara sun mamaye gonaki, ɗorawa da kaɗanya sun yi musu rumfa. Tafiyar kimanin kilomita 200 ce, amma ta raba duniyoyi biyu na tsirrai. Garin Tsiga, da ke cikin ƙaramar hukumar Bakori, yana kusa da inda waɗannan duniyoyi suka haɗu. Saboda haka ƙasarsa wuri ne mai kyau na fahimtar abin da masana kimiyya ke kira tsarin zaman halittu, wato yadda tsirrai da dabbobi da ƙwari da mutane ke dogaro da juna, suna kuma dogaro da ruwa da iska da ƙasar da suke kai.

Iskoki biyu

Tushen al'amarin iskoki biyu ne da ke karɓa-karɓa a sararin Afirka ta Yamma. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Ɗayar kuwa daga Sahara take fitowa, ta arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura, ita ce iskar hunturu. Iyakar da suke haɗuwa tana bin rana: takan matso arewa da bazara, ta koma kudu da kaka. Tun da yankin Funtuwa ya fi Katsina kusa da teku, iska mai danshi tana riga zuwa can, tana kuma daɗewa kafin ta janye. Shi ya sa ruwan shekara a ƙasar Funtuwa da Tsiga yakan kai milimita 1,000 ko fiye, cikin kusan wata biyar, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, alhali na birnin Katsina yakan tsaya wajen milimita 600 cikin wata huɗu ko ƙasa da haka.

Halittun wurin duk sun daidaita rayuwarsu da wannan jadawali. Shamuwa, wadda ke yin watannin ranin nan a kudancin Afirka, takan iso gab da faɗuwar ruwa, domin ta yi sheƙa a lokacin da fara da kwaɗi za su wadata. Dawa ma haka take. Binciken da aka yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, a shekarun 1960 ya nuna cewa dawar gargajiya ta kowane yanki tana fid da kai ne daidai lokacin da damina ke shirin ɗaukewa a wannan yanki. Tsawon yini take aunawa: da rana ta fara gajarta zuwa wani mizani, sai ta yi ciki. Ta haka ƙwayarta ke nuna cikin bushewar kaka, ba tare da ruwa ya sa ta yi fumfuna ba. Manoma ne suka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru har agogon dawa ya yi daidai da agogon damina.

Ƙasar da iska ta kawo

Ruwa kaɗai bai isa ya bayyana albarkar wannan yanki ba; sai an duba ƙasar da yake sauka a kanta. Masana ƙasa sun gano cewa saman filayen Funtuwa da Zariya, a wurare da dama, ƙura ce mai laushi da iska ta tara cikin dubban shekaru, a zamanin da Sahara ta fi yanzu faɗaɗa. Ƙwayoyinta sun fi na rairayi ƙanƙanta, don haka tana riƙe ruwa, tana ba saiwa lokacin sha tsakanin wannan ruwa da wancan. Wannan ne ya sa auduga ta karɓi yankin, har aka kafa masana'antar gurzar auduga a Funtuwa a zamanin Turawa.

Aikin iska bai ƙare ba. Kowane hunturu, ƙurar da ke dusashe rana tana tasowa ne galibi daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne. Ƙurar na ɗauke da sinadaran da tsiro ke bukata, irin su fotashiyam da kalsiyam. Abin da uwargida ke sharewa daga tsakar gida tana ƙorafi, taki ne a gona. Itatuwa da ciyawa da karan da aka bari a fili su ne tarkon da ke kama shi.

Sai dai wannan ƙasa tana da rauni guda. In ta rasa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, ruwan sama mai ƙarfi yakan daddaɓe samanta ya yi ɓawo. Daga nan ruwa ba ya shiga, sai ya gudu yana yanka kwazazzabai. Tun da yankin Funtuwa tudu ne da kogin Sakkwato ya samo asali, ƙasar da ta zaizaye a nan takan ƙare a fadamu da madatsun ruwa irin ta Mairuwa, tana cike su.

Itatuwan gona

Kafin noma ya yawaita, dajin wannan yanki na doka ne da maje da kirya, da ciyawar gamba mai tsawo a ƙarƙashinsu. Manoma sun sare dajin, amma ba duka ba. Sun bar ɗorawa don kalwar daddawa, kaɗanya don manta, kuka don miya, tsamiya don kunu. Waɗannan itatuwa suna yin wani aikin da ido ba ya gani. Saiwarsu na jawo abinci daga zurfin da dawa ba ta kaiwa, ganyensu ya zubo da shi sama, gara ta ja shi cikin ƙasa, ramukanta kuma su zama hanyar ruwa. Gawo ya fi su ban mamaki, domin da damina yake kaɗe ganye, ya bar hasken rana ya isa ga shuka, sa'an nan ya yi kore da rani, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Bugu da ƙari, saiwarsa na haɗa kai da wasu ƙananan halittu wajen kamo sinadarin naitirojin daga iska.

Su ma itatuwan suna da abokan hulɗa. Jemage ne kan gaba wajen kai ƙurar fure daga wannan ɗorawa zuwa waccan da dare, ƙudan zuma kuwa ke yi wa kaɗanya wannan aiki. In aka rasa jemage da zuma, za a ji a tukunyar miya.

Shekarun fari

Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun nuna yadda ƙaramin canji a sama ke girgiza komai a ƙasa. A waɗannan shekaru ruwan yankin Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 in aka kwatanta da na shekarun 1950. Damina ta gajarta, dawa mai daɗewa ta riƙa yin ciki bayan ruwa ya ɗauke. A 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa ta tsugunar da gyaɗar Arewa.

A 1975 ɗin ne wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da aka tsiraita tana mayar da hasken rana sama, abin da ke rage haɗuwar hadari. Binciken da ya biyo baya, musamman na 1986 da 2003, ya nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna ne babban dalilin farin, tsiraicin ƙasa kuma ya ƙara masa tsanani. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, amma da sabon hali. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwa mai yawa cikin sa'a guda, a kan ƙasa mai ɓawo, ba shi ne ruwan da shuka ke sha ba.

Hannun ɗan Adam

A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da Gombe. Ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, har masara ta fita daga bayan gida ta zama amfanin babbar gona. Rumbuna sun cika, amma tsarin ya sauya. Hutun gona ya ragu, garmar shanu da tarakta na bukatar fili marar kututture, don haka 'yan itatuwan da suka tsiro da kansu ba sa tsira. Kaɗanya kuwa sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Gonar da ke da manyan itatuwa ba ƙanana tamkar gari ne mai tsofaffi ba yara.

Ƙasa in ta gaji takan faɗa da bakinta. Sabara da tumfafiya kan yawaita, sai kuma wuta-wuta, wadda ke manne wa saiwar dawa da masara tana tsotse su. Ƙwaya ɗaya takan zubar da dubban iri masu iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma, kuma ta fi ƙarfi inda naitirojin ya yi ƙaranci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa

Manomin Tsiga ba shi da iko da ɗumin teku ko tafiyar iska, amma yawan ruwan da zai shiga ƙasarsa bayan ya sauka yana hannunsa. Manoman jihar Maraɗi, inda ruwa bai kai na Tsiga ba, sun nuna hanya tun tsakiyar shekarun 1980: maimakon tuge tohon kututture, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su yi masa sassabe ya girma. Ta wannan hanya miliyoyin kadada sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar. In aka haɗa wannan da takin gargajiya, da juya masara da wake ko waken suya, da barin wani kaso na kara a gona, ƙasar da iska ta yi dubban shekaru tana tarawa za ta ci gaba da ciyar da masu nomanta.